Yadda Za Ka Ci Dogon Hutu a Wata Ƙasa Kana Aikin Sa Kai

Mu nan ƙasar Daura ba a yi mana bayanin aikin gayya. Yaron da ya tashi a Zango ko Mai'aduwa ko Sandamu ya san ranar da ake fita gonar wani dattijo, kowa da fartanyarsa a kafaɗa, a nome ta kafin azahar, a sha fura a watse, ba wanda zai tsaya jiran lada sai ta Allah. Abin da ake kira aikin sa kai a ƙasar waje, in ka cire fasfo da hatimin kan iyaka, wannan gayyar ce aka kai ta gonar da ba ta garinku ba.

Na yi shi na mako uku a wani ƙauye kusa da Tamale, a arewacin Gana, muna ɗora ajujuwa biyu a wata firamare. Tun da na dawo ɗalibaina ke tambaya, kuma tambayar ba ta wuce biyu: "Malam, nawa ake biya?" da "Daga can ana iya wucewa Turai?" Ba a biya, hasali ma kai za ka kashe naka. Wanda kuma ke neman hanyar tsallakewa ya tsaya nan, wannan bayanin ba zai amfane shi ba. Wanda ke son ya ga duniya, ya yi aiki da hannunsa, ya dawo gida da abin da ya koya, ga yadda ake bi.

Da farko, ka san irin aikin da kake nema

Iri biyu ne, kuma matasa na yawan haɗa su. Akwai na dogon zango, wanda ake ba mutum kuɗin zama. Shirin masu aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, wanda aka kafa a 1970 kuma hedikwatarsa ke Bon ta Jamus, yana cikinsu. Haka shirin matasa na Tarayyar Afirka da aka ƙaddamar a Abuja a 2010, wanda ke tura mutum wata ƙasar Afirka na wata 12. Najeriya ma tana da nata, TAC, tun 1987, tana tura malamai da likitoci da injiniyoyi na shekara 2. Duk waɗannan suna son takardar kammala karatu, wasu har da gogewar aiki, kuma ba sa shiga cikin hutu. Ka ajiye su a ranka don gaba.

Na hutu shi ne sansanin aiki na mako 2 zuwa 3. Ana tara mutum goma zuwa ashirin daga ƙasashe daban-daban, su kwana wuri ɗaya, su dafa abinci tare, su yi aiki ɗaya: gini, dashen itatuwa, gyaran rijiya, koyar da yara, tsaftace wurin tarihi. Tsarin ya tsufa. An fara shi a 1920 a wani ƙauye kusa da Bardan ta Faransa, inda masu aikin sa kai daga ƙasashe daban-daban, har da Jamusawa, suka taru suna sake gina ƙauyen da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rusa. Ƙungiyar SCI, mai shirya irin waɗannan sansanoni, daga nan ta samo asali. A 1948 aka kafa CCIVS a ƙarƙashin inuwar UNESCO, ita ce ke haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi na duniya, kuma akwai mambobinta a Najeriya da Gana da Togo da Kenya. Ka riƙe waɗannan sunaye biyu, za su yi maka amfani wajen tantancewa.

Na biyu, ka fara daga gida

Wannan matakin ake tsallakewa, shi ne kuma ke sa a yi watsi da takardar mutum. Fom ɗin neman shiga zai tambaye ka abin da ka taɓa yi wa jama'a kyauta. In ba ka da amsa, ka ba kanka wata shida. Ka shiga Red Cross reshen Katsina, ko 'yan agajin masallacinku, ko masu dashen itatuwa, tunda jiharmu tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, ya ratsa. Ka koyar da yaran unguwa lissafi da yamma. Kowanne ka yi, ka nemi wasiƙar shaida mai hatimi da lambar wayar wanda ya sa hannu.

Ka kuma tambayi kanka abin da hannunka ya iya. Wanda ya iya ɗora bulo, ko haɗa wutar sola, ko ɗinki, ko renon dashe, ya fi mai dogon Turanci amfani a sansani. Na ga wani saurayi daga Togo da ba ya jin Turanci ko kaɗan, amma ranar da ya karɓi cokalin gini daga hannun birkilan ƙauyen kowa ya koma leburansa.

Na uku, zaɓen ƙasa

Shawarata, tafiyar farko kada ta wuce Yammacin Afirka. Ɗan Najeriya yana shiga ƙasashen ECOWAS ba biza, ya zauna har kwana 90. Gana, Binin, Togo, Sanigal, Gambiya, duk a buɗe suke gare ka. Kuma a Gana kusan duk babban garin da ka sauka akwai zango. A Nima ta Akara, a Kumasi, a Tamale, za ka yi ciniki da Hausa, ka tambayi masallaci da Hausa. Ruwanda ma tana barin 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka su shiga na kwana 30, kuma suna da tasu gayyar ta ƙasa baki ɗaya, Umuganda, a Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata, sai dai kuɗin jirgi yana da nauyi.

Wani zai ce ga Nijar a bakin ƙofa. Gaskiya ne. Daga Katsina ta Jibiya zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, daga Daura kuma ta Kwangwalam ka bi Matamaye ka shiga Damagaram. Dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Amma tun juyin mulkin Yulin 2023 al'amuran boda ke sauyawa, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a hukumance. Ga matsalar tsaro a hanyoyi. In can ka nufa, ka je ofishin shige da fice ka tambayi halin da ake ciki a makon da za ka tashi, ka kuma tabbata ƙungiyar da za ta karɓe ka tana da izinin aiki a can.

Turai kuwa, akwai sansanoni da yawa, amma bizar tana wahalar samu ga saurayi marar aiki da fasfonsa ke fari fat, kuma in an hana ka ba a mayar maka da kuɗin nema. Fasfon da ya nuna ka fita Gana ka dawo a kan lokaci ya fi yi maka magana nan gaba.

Na huɗu, tantance ƙungiya

Nan nake so ka nutsu, don nan ake halaka 'ya'yan mutane.

Wani ɗan ƙanwata ya taɓa zuwa mini da murna, an tura masa saƙo a WhatsApp cewa an ɗauke shi aikin agaji a wata ƙasa, za a ba shi masauki da albashi da dala, ya dai tura kuɗin fom da na biza cikin kwana uku kafin a rufe. Bai taɓa neman aikin ba. Takardar tana da tambari mai kyau, amma asusun da aka ce ya tura kuɗin na wani mutum ne, ba na ƙungiya ba. Har ya yi cinikin babur ɗinsa. Allah ya sa ya biyo ta wurina kafin ya karɓi kuɗin.

Ga abin da nake dubawa. Shin sunan ƙungiyar yana cikin jerin mambobi a shafin intanet na CCIVS ko SCI? Ba shafin da suka turo maka ba, wanda ka nemo da kanka. Shin suna da adireshin ofis da rajista a ƙasarsu? Ka ce su haɗa ka da mutum biyu da suka yi sansaninsu bara, ka kira su ka ji muryarsu. Ka nemi takardar bayani mai faɗin sunan ƙauyen, irin aikin, awa nawa a rana, inda za a kwana, wa zai tarbe ka a tasha, da asibitin da ya fi kusa. Ƙungiyar gaskiya tana da wannan a shirye, ba ta jin haushin tambaya. Sansanonin Afirka da yawa suna karɓar kuɗin shiga don abinci da masauki, wannan ba laifi ba ne, amma ka nemi a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa, in da hali kuma ka biya bayan ka isa, a ba ka rasit. UNV ba ta karɓar ko sisi daga mai nema. Duk wanda ya ce ka biya don ya shigar da kai can, ɓarawo ne.

Alamu uku kuma in ka ga ko ɗaya ka juya: an yi maka alkawarin albashi mai tsoka, an ce za a riƙe maka fasfo, ko an ce kada ka gaya wa iyayenka sai ka isa. Da irin wannan zaƙin baki ake kwasar yaranmu ta Agadas zuwa Libiya, ake kai 'yan mata aikatau inda ba su da mai jin kukansu. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda aka kafa a 2003, don irin wannan take. Ka kai mata rahoto, ko da kai ka tsira, saboda na bayanka.

Abu ɗaya da ba na ba da shawara a kansa shi ne aikin mako biyu a gidan marayu. Yaro ya saba da kai, ya fara kiran sunanka, ka tafi, wani ya zo, shi ma ya tafi. Wannan ba ƙaramin rauni yake yi wa zuciyar yaro ba. Haka ɗalibin koyon aikin lafiya, kada ya yarda a ba shi allura ko wuƙa ya yi abin da ba a yarje masa a gida ba, don kawai mutanen can ba su da yadda za su yi.

Na biyar, izinin gida

Ka lura da kalmar da za ka yi amfani da ita. A Katsina yau in ka ce wa Baba za ka shiga "'yan sa kai", abin da zai zo masa a rai shi ne masu bindiga da ke shiga daji. Ka ce masa aikin gayya ne, za a gina makaranta, ga sunan garin, ga lambar shugaban sansanin. Ka buga takardar gayyatar ka kai masa, ko da sai an karanta masa. In da kawu ko malamin da yake jin maganarsa, ka fara bi ta wurinsa. Inna kuwa abin da zai dame ta shi ne me za ka ci, wa zai duba ka in ka kwanta ciwo. Ka tanadi amsa ta gaskiya.

Dogon hutu yana faɗowa tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da gona ke neman hannu. Bai dace ka bar gero na jiran maimai ka tafi gina ajin wasu ba tare da ka shirya wanda zai tsaya a madadinka ba. Ka zaɓi makonnin da aiki ya lafa, ko ka biya wanda zai yi naka kason.

Ke kuma 'yar'uwa, maganar muharrami da amincin masauki ba abin da za a kauce masa ba ne. Na ga waɗanda suka zo da yayyensu maza, su biyun duk suka yi aikin, na ga ma'aurata. Ki tambaya a rubuce ko ɗakin mata daban yake, da makewayi, da ko akwai mace cikin shugabannin sansanin. In amsar ta zo a dunƙule, ki nemi wani wurin.

Na shida, takardu

Fasfo ake fara nema, aƙalla wata uku kafin tafiya. Sai da lambar NIN, kuma sunanka da ranar haihuwarka su zo daidai da abin da ke kanta, harafi da harafi, don nan ake yawan makalewa. Akwai mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10. Ka cika fom ka biya ta shafin hukumar shige da fice da kanka, sannan ka je a ɗauki hoto da zanen yatsu. In kana da tsoho, ka duba ya rage masa aƙalla wata 6.

Sai katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Allurar sau ɗaya ake yin ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta isa har ƙarshen rayuwa, amma katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Ka yi allurar da gaske. Akwai masu sayar da katin ba allura, kuma sauron da ke ɗauke da cutar ba ya duba takarda. Ka tambayi likita game da rigakafin sanƙarau da maganin zazzaɓin cizon sauro. In akwai ciwon da kake shan magani a kansa, ka tafi da wanda zai ishe ka a cikin kwalinsa, tare da takardar likita.

Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka tura wa kanka ta imel, ka bar kwafi a gida. Ka rubuta lambar ofishin jakadancin Najeriya na ƙasar a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Na bakwai, kuɗi da jaka

Ka lissafa kuɗin zuwa da dawowa, kuɗin shiga sansani, na takardu, na abinci a hanya, na layin waya, na tsaraba, sannan ka ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kai don abin da ba a zata ba. Kuɗin dawowa ka ware shi daban, kada ka taɓa ko da me. Binin da Togo da Sanigal da Nijar sefa suke kashewa, Gana kuma sidi. Ka canza kaɗan a wurin ɗan canjin da ka sani kafin ka tashi, ka raba shi wuri biyu a jikinka, kada ka dogara da katin banki kaɗai.

Jaka ɗaya ta baya ta isa: gidan sauro, darduma, buta, tocila, takalmin aiki mai rufi, safar hannu, kayan da ba ka jin asararsu, da kaftani ɗaya mai kyau don Juma'a da ranar gaida sarkin gari. Ka sa ƙuli-ƙuli da kilishi da garin kunu. Za su cece ka a hanya, kuma kusan kowane sansani yana ware dare ɗaya da kowa ke gabatar da abincin ƙasarsu.

Na takwas, hanya

Mai hali ya hau jirgi daga Kano ko Abuja. Mai bin ƙasa zuwa Gana ya gangara Legas, ya bi Seme ya shiga Kwatano, ya wuce Lome, ya tsallaka Aflawo zuwa Akara. Daga Akara zuwa Tamale kusan kilomita 600 ne, yini guda a mota. Hanyar arewa ta Nijar da Burkina ta fi kusa a taswira, amma a halin tsaron yanzu ba zan tura ɗan kowa ta nan ba. A kowace boda ka sauka da kanka a buga maka hatimin fita da na shiga, kada ka miƙa wa ɗan kamasho fasfonka. Kada ka riƙe wa kowa kaya, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka da Allah. Duk inda ka sauka ka kira gida.

Na tara, zaman sansani

An ce baƙo ko da ido makaho ne. Kwana biyun farko ka yi ta kallo da saurare. Ka koyi gaisuwar garin tun daren farko. A Dagbani, harshen mutanen Tamale, ana cewa "dasiba" da safe, a amsa da "naa". Da wannan kalma ɗaya tsofaffin ƙauyen suka fara yi mini murmushi, kafin su san sunana.

Aiki yakan kai awa biyar ko shida, daga sanyin safiya zuwa azahar. Mu yashi muke ɗebowa a kwanon sarki, mu kwaɓa siminti, mu miƙa wa magina bulo. A rana ta uku tafin hannuna ya yi kanta, wata tsohuwa da ke kawo mana ruwa ta kama hannun ta duba, ta tafi ta dawo da man kaɗanya a ganye, ta shafa mini ba ta ce komai ba. Ka tuna masu garin sun fi ka sanin ƙasarsu. In birkilansu ya ce ga yadda ake yi, ka bi, ko da ka ga a Daura ba haka ake yi ba. In kana da gyara, ka faɗa masa a gefe.

Tun ranar farko ka gaya wa shugaban sansani lokutan sallarka da abin da ba ka ci. Ban ga wanda ya ƙi ba, sai dai wanda ya yi nauyin baki ya sha wahala. Game da kasaru, a mazhabar Malikiyya da muke bi za ka yi ta a hanya, amma da zarar ka isa da niyyar zaman kwana 4 cikakku ko fiye, sai ka cika sallarka. Abinci a arewacin Gana bai ba ni wuya ba. Akwai koko da ƙosai da safe, akwai wake da shinkafa da suke kira "waakye", akwai tuwon da har yau sunansa tuwo zafi. Inda ba ka da tabbacin yanka, ka shiga cikin masu girki ko ka tsaya ga kifi da wake. Ruwa kuwa, in ba ka san tushensa ba ka tafasa.

Za ka zauna da waɗanda ba addininku ɗaya ba, wasu ma ba su taɓa zama da Musulmi ba. Za su yi tambaya, wata mai daɗi wata marar daɗi. Ka amsa da sanyin rai. In sun fita shan abin da ba ka sha, ka yi musu sai da safe ba tare da ɗaure fuska ba. Kada ka shiga siyasar ƙasar. Kada ka ɗauki hoton yaro ko mace ko marar lafiya sai da izini, kuma kada ka baza talaucin mutanen da suka ba ka masauki a Facebook don a yaba maka. Kada ka yi wa kowa alkawarin za ka turo masa kuɗi ko waya in ba ka da tabbacin cikawa, don za su jira.

Na ƙarshe, dawowa

Ka dawo ranar da ka ce wa gida za ka dawo. Kafin ka baro, ka karɓi takardar shaidar kammalawa da lambobin waɗanda kuka yi aiki tare, ka je ka yi wa sarkin gari da limami da masu girki sallama ɗaya bayan ɗaya. In zazzaɓi ya kama ka a makonnin farko bayan ka iso, ka je asibiti ka faɗi inda ka je.

Kafin wata ya zagayo, ka zauna ka rubuta abin da ka gani, da kuɗin da ka kashe dalla-dalla, don wanda zai bi bayanka. Sannan ka ɗauki abu ɗaya da ka koyo ka gwada a unguwarku. Ni abin da na ɗauko shi ne yadda suke rubuta sunayen masu aiki da rabon kowace rana a allo, kowa ya san ranar ɗiban ruwansa da ranar girkinsa. Da shi muka yi yasar magudanar ruwan layinmu a damina ta gaba, mu goma sha huɗu, a Asabar uku, mai unguwa ya ba mu baro biyu da shebur.